Ƙarfen Motsa Jiki Na Gida: Ina Haɗarin Yake?

Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kayan motsa jiki na ƙasashen waje suka fi ƙarfin talaka, kuɗin shiga gidajen motsa jiki ma ya bi sahu. Matasa sai suka koma ga abin da ke kusa da su: bokitin fenti, siminti, guntun bututu, tsohuwar taya da ƙarafan mota daga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Daga nan surutu ya tashi a unguwanni. Wasu na cewa ƙarfen siminti yana kashe jijiya, wasu sun ce yana karkatar da jiki, har akwai iyayen da ke farfasa shi don kada ya hana yaro tsawo.

Maganar da ta fi damuna ita ce wai na kanti ne kaɗai ke gina jiki lafiya. Tsoka ba ta san farashi ba, nauyi kawai ta sani. Idan aka ɗora mata abin da ya ɗan zarce wanda ta saba, jiki kan ƙara mata kauri da ƙarfi a lokacin hutu, muddin ana samun abinci mai gina jiki da isasshen barci. Kilo 10 na siminti da kilo 10 na ƙarfe mai walƙiya aiki ɗaya suke yi. Batun hana tsawo kuwa, binciken likitocin wasanni bai tabbatar da shi ba ga yaran da ke ɗaga nauyi daidai ƙarfinsu a gaban mai kula da su.

To me ke jawo ciwon baya da na kafaɗa da ake ta kuka da su? Rashin awo ne. Kowa ya san ɗan garuwa mai sanda a kafaɗa: idan garwa ɗaya ta fi ɗaya cika, dole ya karkace kafin ya kai gida, in kuwa kullum haka yake yi, bayansa zai gaya masa. Haka abin yake ga wanda ya zuba siminti da ka, gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya da kilo biyu ko uku, ya kuma riƙa ɗagawa wata da watanni.

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Lita ɗaya ta busasshen yashi kusan kilo 1.6 ce, ta kankare kusan kilo 2.4, ta ƙarfe kuwa kusan kilo 7.8. Ke nan bokitin fenti mai lita 4 da aka cika da kankare ya doshi kilo 10. Babban bokiti mai lita 20 kuwa kusan kilo 48 ne, wato dab da buhun siminti guda. Saurayin da ya kafa irin wannan bokiti biyu a bututu don abokai su yaba masa, kusan kilo 100 yake kokawa da shi tun ranar farko. Laifin a nan na ganganci ne, siminti bai yi komai ba.

Saboda haka mai farawa ya fi dacewa da jarka. A zuba ruwa lita 5, bayan mako biyu ko uku a ƙara lita ɗaya, nauyi na hawa a hankali, jiki na bin sa. Robar ruwa mai lita ɗaya da rabi cike da yashi ta haura kilo 2, ta ishi mata da dattawa su motsa hannu a tsakar gida. Tsohon tiyub na mota da aka yanka shi tsaye yana maye gurbin robar ja da ake sayarwa da tsada.

Wanda zai zuba kankare ya auna yashi, tsakuwa da siminti daidai wa daida a kowane gefe, ya sa mai walda ya gitta guntun rodi a bakin bututun don kada dunƙulen ya zame ya faɗo masa a ƙirji. A riƙa ba kankaren ruwa na mako guda, a kuma jira kwana 28 kafin ya gama yin ƙarfi, sannan a kai shi kan sikeli. Tayar da za a ajiye a waje a huda ta, domin ruwan damina da ke kwanciya a ciki gidan sauro ne.

Abu ɗaya ne bai kamata a kusanta ba ko kaɗan: narka dalmar tsohon batir don samun nauyi mai yawa a ƙaramin mazubi. Dalma guba ce, hayaƙinta da ƙurarta suna lalata ƙwaƙwalwar yara. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a shekarar 2010.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Ga hawan jini da ciwon suga sun cika asibitocinmu, amma filayen unguwanni sai zama shaguna suke yi. Da ƙananan hukumomi za su ware ɗan fili, su ba masu waldar garinsu aikin ƙera kayan da aka auna, da an samu lafiya, an samu sana'a, bola ta ragu, tayoyin da ake ƙonawa su ma su sami amfani.

Iyaye, kada ku fasa ƙarfen yaranku. Ku sa su auna shi, ku rage masa nauyi idan ya yi yawa, ku hana su ɗagawa su kaɗai ba mai tsaya musu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya ga likita kafin ya fara.