Yadda ɗan guntun roba ke sauya amon jita

Makaɗa biyu za su iya ɗaukar jita guda, su kaɗa waƙa guda, amma amon da zai fito ya bambanta. Sau da yawa dalilin shi ne ɗan guntun robar nan mai kusurwa uku da ake riƙewa tsakanin babban yatsa da manuni, wanda Turawa ke kira fik.

Shi ne abu mafi araha cikin kayan makaɗin jita, kuma shi ne yake taɓa tsirkiya kafin wani sauti ya fito.

Kauri

Ana auna kaurin fik da milimita. Wanda bai kai 0.6 ba siriri ne, wanda ya kai milimita 1 ko ya wuce kuwa ana ɗaukarsa mai kauri.

Siririn yana lanƙwasawa idan ya bugi tsirkiya, saboda haka wani ɓangare na ƙarfin hannu yana ɓacewa a cikinsa. Amon yakan fito wasai, ba nauyi, tare da 'yar ƙarar robar kanta. Wannan ya dace da mai share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya yana raka mawaƙi.

Mai kaurin ba ya lanƙwasawa. Duk ƙarfin da hannu ya bayar yana isa ga tsirkiya, amon ya fito a cike, kuma makaɗi na iya sassautawa ko tsanantawa yadda ya so. Sai dai ba ya rufa wa ɗan koyo asiri, domin ƙaramin kuskure ma sai an ji shi.

Bakin fik ma yana da tasiri: mai tsini yana ba da sauti mai kaifi da saukaka sauri, mai dakusasshen baki kuma yana tausasa amo. Shi ya sa masu kaɗa tsirkiya ɗaya-ɗaya da sauri ke son ƙaramin samfurin Jazz III, wanda kamfanin Dunlop na Amurka ya fitar a 1976.

Daga ƙwaryar kunkuru zuwa roba

A da, fik mafi daraja shi ne wanda aka sassaƙa daga ƙwaryar wani kunkurun teku, saboda ƙarfinsa da santsinsa. Farautar wannan dabba domin yin mataji da kayan ado da makamantansu ta kusa ƙarar da ita.

A ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka rattaba wa hannu a birnin Washington a 1973, an haramta cinikin ƙwaryar tsakanin ƙasashe.

Tun kafin nan an fara neman madadi. A 1922 Luigi D'Andrea ya fara yin fik da robar seluloyid a birnin New York, kuma siffarsa mai lamba 351 ita ce aka fi sani har yau. A 1981 Dunlop ya fito da Tortex, wanda aka yi domin ya kwaikwayi ƙwaryar kunkurun, kuma launinsa ke nuna kaurinsa: ja 0.50, rawaya 0.73, shuɗi 1.0.

Wasu makaɗan ba ruwansu da roba. Brian May na ƙungiyar Queen ta Birtaniya yana amfani da tsohon sisin Ingila, wanda tsage-tsagen gefensa ke ba tsirkiya wata 'yar ƙara ta daban. Masu kaɗa molon Larabawa da ake kira ud suna kiran nasu risha, wato gashin tsuntsu, domin da gashin mikiya ake yin sa a da.

Akwai kuma waɗanda suka ajiye fik ɗin gaba ɗaya. Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits da yatsu yake kaɗawa, haka ma Mdou Moctar na jamhuriyar Nijar, yayin da Wes Montgomery, shahararren makaɗin jaz na Amurka da ya rasu a 1968, ya dogara da naman babban yatsansa, abin da ya ba kiɗansa taushin da aka san shi da shi.