Masar ko Ghana: Ina za ka kai iyali hutu idan kuɗin ba su da yawa?

A ce ka ɗauki kwasar adashe, ko ka sayar da doyar da ka noma a Agyaragu, ko kuma an biya ka wasu haƙƙoƙin aiki da ka daɗe kana jira. Ka kuma yi wa uwargida da yara alkawarin cewa wannan karon za a leƙa ƙasar waje. Kowa ya kawo shawararsa. Dubai ta fita daga lissafi tun da wuri, domin tun da aka dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, ko da aka dawo da ita a watan Yulin 2024 sharuɗɗanta ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Umara kuwa ibada ce, lissafinta daban. Saura ƙasashe biyu a kan tabarma: Masar da Ghana. Kuɗin kuma na ɗaya ne kawai.

Kafin ka zaɓa, mai karatu, fara da abin da za ka kashe tun ba ka bar Lafia ba. Daga 1 ga Satumbar 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma Naira 100,000. Idan ku biyar ne kuma babu mai shi, rabin miliyan ya tafi ke nan, ko jariri sai da nasa. Wanda yake da fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, ya zama da sauran aƙalla wata shida. Sannan ga hanyar Abuja. Filin jirgin Kwandere ba zai kai ka Alƙahira ko Accra ba, dole ka bi Akwanga da Keffi, ka kuma yi wa cunkoson Mararaba da Nyanya tanadin lokaci. Idan jirgin na safe ne, ka sa kuɗin kwana ɗaya a Abuja cikin lissafi.

Yawancin mutane na ɗauka Ghana ce mai araha saboda tana kusa. Da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Babbar garaɓasarta ita ce ba ka buƙatar biza, kasancewar mu da su duk 'yan ƙungiyar ECOWAS ne, kana iya zama har kwana 90. Ba takardar banki, ba jiran amsa, ba fargabar a hana mutum ɗaya a cikin iyali bayan an sayi tikiti. Jirgi daga Abuja zuwa Accra bai kai awa biyu ba. Sai dai tikitin zirga-zirga tsakanin ƙasashen Afirka ta Yamma na da tsada saboda yawan haraji, kuma kuɗin Ghana, wato sidi, ya yi ƙarfi sosai a 2025, daga wajen 15 a kan Dalar Amurka ɗaya zuwa ƙasa da 11. Ma'ana Nairarka ba za ta sayi abin da take saya a da ba. Otal a Accra ba wasa ba ne, musamman a Disamba lokacin da baƙi daga Amurka da Turai ke cika garin.

To me zai rage maka nauyi? Zango. A Nima da Mamobi cikin Accra, da zangon Kumasi, da Hausa za ka yi ciniki, da ita za ka tambayi hanya. Kakanninmu fataken goro ne suka kafa wannan zumunci tun zamanin tafiya Gwanja da kasuwar Salaga. Abincin ma ba baƙo ba ne: ga tuwon zafi, ga koko da ƙosai, ga shinkafa da wake da suke kira "waakye", sunan da daga bakinmu suka same shi. Yaron da ke ƙin abinci a wurin baƙunta ba zai wahalar da ku ba a nan, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga uwa. Za ku yi Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021, ku je Cape Coast yara su ga kurkukun da aka tsare bayi kafin a tsallaka da su teku, ku hau gadar igiya ta dajin Kakum idan zuciya ta ɗauka. Ga yaron da ya tashi a Lafia bai taɓa ganin ruwan da ya wuce Kogin Binuwai ba, ganin teku kaɗai ya isa labarin shekara.

Akwai masu cewa a bi mota don a rage kuɗi. Ana yi, amma ka auna: yini guda daga Lafia zuwa Legas, sannan iyakoki uku, Seme zuwa Binin, Binin zuwa Togo, Togo zuwa Aflao. Da samari abin sha'awa ne. Da mai goyo ko dattijo mai ciwon baya, ni dai ban ba ka shawara ba.

Masar ta bambanta. A nan wahalar tana gaba, sauƙin yana baya. Sai ka nemi biza ga kowa, tikitin ya fi tsada, tafiyar ta kai wajen awa biyar, kuma kamfanin EgyptAir na tashi daga Abuja da Kano. Amma da zarar ka sauka, rayuwa na da rangwame. A watan Maris na 2024 aka karya darajar fam ɗin Masar, ya faɗo daga wajen 31 zuwa kusan 50 a kan Dala ɗaya. Mu ma Nairarmu ta sha irin wannan kaye tun watan Yunin 2023, don haka kada ka yi murna da yawa, sai dai duk da haka farantin koshari ko ful da gurasa, da kuɗin jirgin ƙasan cikin gari wanda har tarago na mata zalla yake da shi, ba za su huda maka aljihu ba. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne ƙofar wuraren tarihi: baƙo na biyan ninkin ba ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, kuma wurare da yawa da katin banki suke karɓa. Ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka zai iya kashewa a waje. Ka kuma koyi cewa "la, shukran" da murmushi, domin masu raƙuma a Giza sun fi dillalan kasuwar Lafia iya baki.

Abin da yara za su gani kuwa, ba a magana. Dalolin Giza, sabon babban gidan tarihi da aka buɗe gaba ɗaya a Nuwambar 2025, masallacin Azhar da ya haura shekara dubu, masallacin Amr ɗan Al-As, kabarin Imam Shafi'i, kasuwar Khan el-Khalili. Yaron da ya karanta ƙissar Annabi Yusuf da Annabi Musa a Islamiyya, ko a coci, zai tsaya a bakin Kogin Nilu da wani irin kallo. Amma ɗan shekara huɗu ba abin da zai tuna sai zafi da gajiya.

Wannan ya kawo mu kan lokaci da lafiya. Dogon hutun makaranta na Agusta ya faɗo ne a tsakiyar zafin Alƙahira, alhali a Accra lokacin ne iska ke da sanyi. A Disamba abin juyawa yake: Alƙahira ta yi daɗi da rana, da dare sai da rigar sanyi, Accra kuma ta yi tsada. Ka ga kenan watan da ka samu hutu ma na iya yanke maka hukunci.

Ƙasashen biyu duk suna neman katin rigakafin cutar shawara. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, sau ɗaya kuma ta isa har ƙarshen rayuwa. Kada ka yarda wani ya haɗa maka kati ba tare da allura ba. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata tara ba, mai juna biyu kuma ta fara ganin likita. Sauron Ghana ɗan'uwan namu ne, a tafi da gidan sauro ko man shafawa. Ita Masar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Oktobar 2024 cewa ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya fi damun baƙo a can shi ne gudawa, don haka ruwan gora kawai, da 'yan ƙunshin gishiri da sukari na ORS a jaka. Kada a bar yara su yi wanka a Nilu ko tafkin Volta saboda tsargiya, tekun Ghana kuma yana da ja, ko gwanin iyo yana kiyaye shi.

Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganin da zai ishe shi har da ƙarin mako guda, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, a jakar hannu. Kada kuma ka karɓi saƙon magani daga kowa. A 2017 an yanke wa wata 'yar Birtaniya hukuncin ɗaurin shekara uku a Masar saboda ƙwayoyin tramadol da aka samu a jakarta.

Idan ka tambaye ni, iyali mai ƙananan yara da wannan ce fitarsu ta farko, su nufi Ghana a Agusta, kwana biyar ko shida sun wadatar. Idan yaran sun kai sakandare, a daure a ƙara tari zuwa Disamba a tafi Masar, ko da za a rage kwanaki. Ko wacce ka zaɓa, ka raba kuɗin kafin ka biya tikiti: na tafiya, na masauki da abinci, da kashi ɗaya cikin goma da ba za a taɓa ba sai rashin lafiya ko sauya jirgi. Tsaraba ma ku yi mata iyaka tun a gida, kai da uwargida, a rubuce. Kuɗin makarantar Satumba ko Janairu kuwa, a biya su ko a killace su a wani asusun daban tun kafin ku hau motar Abuja.