SABON MALAMIN LISSAFI DA BAKIN MUTANE

Kun saba ganin alƙalamina a kan soyayya da kishi da zaman aure, to yau kuma ga ni da zancen lissafi. Kada wata ta yi saurin juya shafi, domin lissafin nan ya sha raba yarinya da karatunta, ya kuma sha zama sanadin yanka ranar auren da ba a shirya masa ba. Sunansa kalkulas, kuma duk ɗalibin da ya shiga jami'a don karanta kimiyya ko kwamfuta ko injiniya sai ya yi karo da shi tun a shekararsa ta farko.

Mu mutanen Dutse mun san yadda abin yake a da. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, amma aka yi shekara 20 babu jami'a a cikinta. Yarinyar da ke son digiri sai dai irin su Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya, iyaye da yawa kuwa ba su yarda 'yarsu ta yi nisa da gida. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 kuma jiha ta kafa tata a Kafin Hausa, wadda daga baya aka sa wa sunan Sule Lamido. Har ma mace ta shugabanci ta Dutsen daga 2016 zuwa 2021, wato Farfesa Fatima Batul Mukhtar. Ke nan ƙofa ta buɗe, 'yan matan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu sun samu shiga. Sai dai shiga daban, zama a ciki daban.

Labarin da zan ba ku daga bakin ƙanwata na ji shi da ƙawayenta uku, waɗanda ɗakina ya zama musu wurin karatu. Ba zan faɗi wace jami'a ba ce, ba kuma zan kama sunan kowa ba.

Zangon karatu na biyu ne suka shiga aji suna jiran dattijon malamin da yayyensu suka ba su labari, sai ga wani saurayi siriri ya shigo da alli a hannu, har wasu suka zaci ɗalibi ne ya ɓata hanya. Ashe shi ne sabon malamin. Nan fa ido ya raina fata. Abin da ya tayar musu da hankali kuwa shi ne, tun kafin a dawo hutu kowa ya tanadi tsofaffin takardun jarrabawar dattijon, an sha hoto an ɗinke, ana cewa tambayoyinsa ba su cika canzawa ba. Sabon malami ba shi da tsohuwar takarda, babu wanda ya san inda zai ɓullo. Kafin sati ya zagayo an yi masa tarihi kala-kala, wannan ya ce mugu ne, wancan ya ce ai bai iya ba shi ma koyo yake yi. 'Yan mata kuma abin da suka fara bincikowa shi ne ba shi da aure. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni dai a sakandare karatuna ya tsaya, don haka na tsare ƙanwata na ce sai ta faɗa mini mene ne wannan kalkulas da ke hana ta cin abinci. Wallahi da ta yi mini bayani irin yadda malamin ya yi musu, sai na ga abin ba aljani ba ne. Wai ce musu ya yi, a ƙaddara ka shiga mota daga Dutse zuwa Kano, a ce tafiyar kilomita 120 ce kuma kun yi awa 2. Ɗan firamare ma zai ce kuna gudun kilomita 60 a awa. To amma shin gudun 60 kuka yi tun daga tasha har sauka? Ina! A fili direba ya taka ya kai 100, a gadar Wudil ranar Juma'ar kasuwa kuwa da ƙyar yake yin 10. Allurar nan da ke gaban direba tana nuna gudun da ake yi a daidai wannan ƙiftawar idon. Rabin kalkulas ke nan, gano saurin canjin abu a daidai lokaci guda.

Ya kuma kawo musu misalin fili mai kusurwa huɗu daidai-wa-daida, taku 10 kowane gefe, faɗinsa duka 100. In ka ƙara kowane gefe ya zama 10.1, faɗin zai koma 102.01, wato ƙarin 2.01, in ka raba da 0.1 ɗin da ka ƙara sai ka samu 20.1. In ka rage ƙarin ya zama 10.01, amsar za ta dawo 20.01. Duk yadda ka ƙanƙanta ƙarin, amsar tana ta matsowa kusa da 20, wato 10 sau 2. Wannan lamba da ake ta matsowa gare ta ita suke kira iyaka, kuma a kanta aka ɗora ginin gaba ɗaya.

Ɗaya rabin kuma shi ya fi burge ni, don da randa ya yi musu shi. Randa gindinta tsukakke, cikinta faffaɗa, wuyanta kuma ya sake tsukewa, ta yaya za ka san yawan ruwan da take ci ba tare da ka aune shi da kwano ba? Sai ka yanka ta a zuciyarka fale-fale kamar yankan albasa, kowane yanki ya zama ɗan faifai mai sauƙin aunawa, sannan ka tattara su duka. Iya sirantar yankan, iya kusantar gaskiya. Kowace mace ta san in ana zuba ruwa a randa da farko yana saurin hawa, ya zo ciki ya yi nawa, ya zo wuya ya sake zabura har ya malale miki a ƙafa. Ashe lissafin jami'a muke kallo kullum a tsakar gida.

Mutum biyu ne suka tsara wannan ilmi sama da shekara 300 da suka wuce, Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus, wanda ya buga nasa a 1684. Su ma ba su tsira daga bakin mutane ba, don an yi shekaru ana cacar baki kan wa ya riga wani, har da zargin sata. Ita kanta kalmar kalkulas daga Latin take, ma'anarta 'yar tsakuwa irin wadda mutanen da ke ƙirga da ita. Na ce wa ƙanwata, ke da aka haifa a Dutse tsakuwa ce za ta gagare ki?

To amma daɗin misali bai hana faɗuwa ba. Da aka yi gwajin farko aka kafe sakamako, ƙanwata ta dawo idanu jawur, ƙawayenta ma haka. Ɗalibai suka ce ai ga shi nan, dama an ce mugu ne. Shi kuwa da ya shigo aji wai bai yi faɗa ba, sai ya ce ya duba takardunsu ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu sun gane sabon darasin, inda suke zamewa shi ne tsohon lissafin sakandare, buɗe baka biyu, haɗa ɓangare da ɓangare, da sauran aljabara. Aljabaran nan ma daga Larabci sunanta ya fito, daga littafin Alkhawarizmi na Bagadaza. Ƙanwata ta tabbatar mini, ta ce a makarantarsu sun yi kusan shekara guda ba su da tsayayyen malamin lissafi, da haddar amsoshi suka tsallake jarrabawar fita. Kalkulas kuwa kamar tsani yake, in mataki ɗaya ya karye a ƙasa ba ka da ta hawa na sama. Wanda bai gane darasin wannan sati ba, na sati mai zuwa zai zame masa Sinanci.

Don haka malamin ya ware awa biyu duk sati, ya ce mai tambaya ya same shi a ofis. Samari suka yi ta tururuwa. 'Yan mata kuwa ko ɗaya, sai guda cikin ƙawayen ƙanwata, yarinya mai kaifin kai daga wani ƙauye a yankin Kiyawa, ita ce ta farko a gidansu da ta taka jami'a. Dama ita ce mai ɗaga hannu a aji. Ta je sau biyu da littafinta, ƙofa a buɗe, ɗalibai na shiga suna fita. Shi ke nan. Kafin wata ya ƙare an raɗa mata suna amaryar malam. In ta ɗaga hannu sai a ji gyaran murya daga bayan aji, in ya amsa mata sai a hau shewa ƙasa-ƙasa. Abin takaicin, mata 'yan uwanta su ne kan gaba wajen yaɗa zancen. Magana ta bi waya har ta isa kunnen saurayin da aka yi mata baiko da shi, daga nan ta isa zauren mahaifinta.

Ba na cewa tsoron iyaye ba shi da tushe. A Disamba 2018 wata kotun tarayya a Osogbo ta ɗaure wani farfesa shekara 2 saboda neman ɗalibarsa da lalata don ya ba ta maki, a 2019 kuma BBC ta fito da wani bincike na ɓoye a kan irin wannan ta'asa a jami'o'in Legas da Gana. Akwai kuraye a cikin masu riƙe alli, duk uwa tana da hujjar sa ido. Amma fisabilillahi, yarinyar da ta je neman amsar lissafi da rana tsaka a gaban jama'a, da wane laifi za a kama ta? Mu ne muke cewa mai tambaya ba ya ɓata, mu ne kuma in mace ta yi tambayar muke ɓatar da ita. Namiji ya shiga ofis sau goma sunansa mai ƙwazo, mace ta shiga sau biyu sunanta ya shiga gari.

Mahaifinta ya kira ta ya ce kada ya ƙara jin ta je wurin wani malami, kuma in ta faɗi ko darasi ɗaya ne to karatu ya ƙare, a ɗaura aure bayan girbi. Gwaggonta ta ɗora da cewa dama lissafi ba na mata ba ne, na Turawa ne da maza. Da gwaggo za ta saurare ni, da na ba ta labarin Muhammadu Alkashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafin lissafi da Larabci a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Da na ba ta labarin Farfesa Iya Abubakar na Adamawa, masanin lissafin da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. In kuma mata take so, ga Grace Alele-Williams da ta yi digirin digirgir a fannin koyar da lissafi a 1963, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya a 1985, can a Benin. Ga Maryam Mirzakhani 'yar Iran, mace ta farko da ta ci lambar Fields a 2014, lambar da masana lissafi ke ji da ita fiye da kowace.

Yarinya ta koma kujerar baya, ta daina ɗaga hannu, wasu ranakun ma ba ta shiga ajin sam. Ganin haka sauran matan suka ƙara kame bakinsu, kowa na tsoron a sa mata nata sunan.

Shi malamin ban san ko zancen ya kai masa ba, amma ƙanwata ta ce wata rana kawai ya sanar cewa ya tashi zaman ofis, daga yau a babban aji za a riƙa yin awa biyun nan, kowa ya zo. Ya kuma ajiye wani kwali a bakin ƙofa, ya ce duk mai tambaya ya rubuta a 'yar takarda ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Ranar farko kwalin ya cika. Wai da ya fara warwarewa sai ga tambaya iri ɗaya ta fito sau da yawa, irin tambayar da kowa ke jin kunyar yi don kada a ce bai iya lissafin ƙaramar sakandare ba. Ya share allo ya faro musu daga can ƙasa, bai yi wa kowa dariya ba. Waɗanda suka ce mugu ne su ne suka koma rigegeniyar kujerar gaba.

A gida ma sai da aka yi gyara. Ƙanwata takan dawo da la'asar ta tarar da wanke-wanke da girkin dare suna jiran ta, sai bayan isha ta buɗe littafi tana gyangyaɗi, alhali ƙanenmu namiji yana kwance da waya. Lissafi kuwa ba a karanta shi kamar littattafanmu na hira, sai an zauna da biro an yi ta warwarewa, tambaya ɗaya takan ci rabin awa. Na samu Inna na ce, "Inna, a ɗauke mata girkin dare zuwa bayan jarrabawa, ni zan karɓa." Ta yi ɗan ƙorafi ta yarda. Daga nan ɗakina ya zama aji, su huɗu a kan tabarma, wadda ta gane ta koya wa saura. Ita 'yar Kiyawan ma takan zo, kuma duk da rashin shiga ajin da ta yi, sau da yawa ita ke warware musu abin da ya cije.

Sakamako ya fito, ƙanwata ta samu C, ɗaya ta samu B, ɗaya ta tsallake da ƙyar. 'Yar Kiyawa kuwa makin gwajin da ta ƙi shiga a makonnin da ake tsokanarta shi ya ja ta ƙasa, maki kaɗan ya rage mata, aka rubuta mata sai ta maimaita darasin baɗi. Mahaifinta bai saɓa maganarsa ba, an sa rana. Innarmu da wata yayar mahaifiyarta sun je har ƙauyen sun roƙi a bar ta ta ci gaba daga ɗakin mijinta, angon ya ce zai duba. Littattafanta na kalkulas suna nan a kan akwatina, ta ce in ajiye mata zuwa lokacin da za a buɗe rajistar sabon zango.