Saifon da Injin Ban Ruwa: Wane Aiki Ya Dace da Kowanne?

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Bako, da kansa yake gangarowa ta babban kanal har ya isa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, babu injin da ke tura shi. A bakin gona kuwa, abin da ke tsallakar da shi daga ƙaramin kanal zuwa cikin shuka guntun bututun roba ne lanƙwasasshe, wato saifon. Manomi zai nutsa shi a ruwa har ya cika, ya toshe ɗaya bakin da tafin hannu, ya ɗora shi bisa gaɓa, ya saki. Ruwa ya hau gaɓar, ya gangara gona, ya yini yana zuba, ba fetur ba hayaƙi.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai noman rani ya san abin da inji ke ci a aljihunsa. Wannan ya sa mutane suka fara waiwayar saifon, ba a gona kaɗai ba, har wajen masu kiwon kifi da ke son sauya ruwan tafki, da masu zubar da ruwan kududdufi ko ramin gini. Matsalar da kowa ke kuka da ita ɗaya ce: ruwan yana zuwa a hankali, ko ya fara da ƙarfi sai ya mutu bayan awa biyu. Abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya jona masa inji. Wani lokaci hakan ya yi magani, wani lokaci kuma ya ƙara dagula lamarin, kuma bambancin yana ga inda aka ajiye injin da aikin da aka ɗora masa.

Mu fara da abin da ke tafiyar da ruwan. Saifon yana da ƙafa biyu, gajeriya mai hawa da doguwa mai sauka. Ruwan da ke cikin doguwar yana gangarowa saboda nauyinsa, sai matsi ya ragu a ƙolin bututun. Iskar da ke kewaye da mu kuwa tana da nauyi, tana danne saman ruwan kanal, ita ke tura shi ya hau ya cike gurbin. Saboda haka sharaɗi biyu ne ba makawa: wurin da ruwa zai zuba ya zama ƙasa da saman ruwan da ake ɗiba, kuma bututun ya kasance cike taf da ruwa. In ɗaya ya karye, magana ta ƙare.

Ƙarfin zubar ya dogara ne ga tazarar da ke tsakanin saman ruwan da ake ɗiba da wurin da yake zuba. Zurfin da aka cusa bakin shan ruwa ba ya ƙara komai. Nan mutane da yawa ke wahalar banza, suna ta tura tiyo can ƙasan tafki, ba abin da suke samu sai laka. Kuma tazarar ba ta biya daidai da yadda aka ƙara ta. Gajeren saifon mai faɗin inci 2, in tazarar ta kai santimita 10, yana ba da abin da ya ɗan haura lita ɗaya da rabi a daƙiƙa, wato ya cika jarka mai lita 25 cikin daƙiƙa 15 ko kusa da haka. Kana son ninki biyu? Sai ka mai da tazarar santimita 40, ka ninka ta sau huɗu ke nan. A gona shimfiɗaɗɗiya ina za ka samo wannan? Shi ya sa manomin bakin kanal ba ya wahalar da kansa, sai ya jera na biyu kusa da na farko.

Faɗin bututu ya fi komai tasiri, kuma shi aka fi yi wa rowa. In aka ninka faɗin sau biyu, hanyar ruwa ta ninku sau huɗu. A dogon layi, inda gogayyar ruwa da jikin bututu ke cinye yawancin ƙarfin, ribar takan haura ninki biyar. Kowane gwiwa, kowace lanƙwasa, kowane wurin da aka haɗa babban bututu da ƙarami, duk suna karɓar nasu kason. Mutum zai ja tiyo mai inci ɗaya na tsawon mita ɗari, ya ga ruwa na ɗiga, ya tafi kasuwa neman inji, alhali kuɗin injin da man wata guda sun isa su saya masa bututu mai inci 2 da zai yi aikin shekara da shekaru. A rashin sani kaza ta kwana kan dami.

Akwai kuma iyakar da babu injin da ke ƙetare ta. Tunda nauyin iska ne ke tura ruwan sama, kuma nauyin nan yana da ƙima, ruwa ba zai hau fiye da kimanin mita 10.3 ta hanyar zuƙa ba, ko da a bakin teku ne inda iska ta fi nauyi. Galileo ya ambaci wannan a littafinsa na 1638, bayan ya ji daga masu gyaran famfo cewa ruwa yana ƙin wuce wani tsayi, almajirinsa Torricelli kuma ya gano dalilin a 1643. Gwargwadon tudun gari, gwargwadon raguwar iyakar. A Kano, wadda ke kusan mita 480 sama da teku, tana wajen mita 9.8. A Jos kuwa ba ta cika mita 9 ba. Zafin ruwa ma yana zaftare wani abu, domin ruwa mai ɗumi ya fi saurin komawa tururi in matsi ya yi ƙasa, kuma mun san yadda ruwan da ya yini cikin baƙin bututu yake a watan Afrilu. In aka cire gogayya da sauran asara, a aikace mita 7 zuwa 8 ne ƙarshe, mai hankali ma ba ya kusantar wannan.

Tun kafin a kai iyakar, iska ce ke kashe saifon. Ta hanyoyi uku take shiga. Akwai wadda ke narke cikin ruwan tun asali, in ya iso ƙoli inda matsi ya ragu sai ta fito ƙananan kumfa, ta taru a hankali har ta raba ruwan gida biyu. Akwai wadda ke shiga ta baki, in bakin shan ya yi kusa da saman ruwa har ya haifar da ɗan juyi mai zuƙo iska, ko in bakin fita yana lilo a fili. Ta ukun ita ce mai wuyar kamawa, wato ta mahaɗa. Bututun da ake turo masa ruwa in ya huje za ka ga tsartuwa, ka ɗaure. Na saifon kuwa a sama ba ya tsiyaya, ciki yake shaƙa, sai ka duba ka ga wurin a bushe ka wuce. Ɗaurin robar cikin taya da muka saba yi yana tare ruwa, amma sau da yawa ba ya tare iska. Mahaɗar da ke kusa da ƙoli tana bukatar gam na gaske ko matsewa da ƙarfe.

To, a ina inji yake shigowa? A ganina aikinsa na farko, kuma mafi riba, shi ne tayar da saifon. Ƙaramin bututu tafin hannu ya ishe shi, amma mai inci 4 ko 6 da ya tsallake bangon madatsa ba mai iya toshe shi da hannu. Sai a sa bawul mai hana ruwa komawa a bakin sha, a sa na rufewa a bakin fita, a buɗe ƙofa mai murfi a daidai ƙoli. Ƙaramin inji ya ɗura ruwa ta ƙofar har ya tumbatsa, iska duk ta fita, a rufe murfin gam, a buɗe bawul na ƙasa. Daga nan a kashe injin. Aikin mintuna kaɗan ya sayi zubar yini guda. A manyan ayyuka akan sa famfo mai zuƙe iska a ƙolin, shi ke tayarwa, kuma lokaci lokaci a kunna shi ya kwashe abin da ya taru. Wanda ba shi da halin wannan yana iya ɗora ɗan ƙaramin tanki rufaffe bisa ƙolin, cike da ruwa, kumfa ta riƙa hawa cikinsa maimakon ta tsaya a hanya. In ruwan tankin ya yi ƙasa, a rufe bawul ɗin da ke tsakaninsa da layi, a sake cika shi.

Wannan dabara ta kunna inji ya tayar sannan ya yi shiru, da ita aka yi maganin tafkin Nyos na Kamaru, wanda ya amayar da iska mai shaƙe numfashi a daren 21 ga Agusta 1986, ta halaka mutum sama da 1,700. A 2001 aka zura dogon bututu zuwa ƙasan tafkin, ƙaramin famfo ya fara jawo ruwan, daga nan ya ci gaba da feshi da kansa, aka ƙara wasu biyu a 2011. Sai dai can kumfar iskar ce ke ɗaga ruwan, abin da ke kashe saifon na gona shi ke raya nasu.

Aiki na biyu shi ne ƙara ƙarfi in tazara ta yi kaɗan, misali ƙarshen rani da ruwan tafki ya ja baya. Nan ne ake tafka kuskure. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye inji a bakin fita, a busasshen wuri kusa da gona, ya riƙa zuƙa. Amma zuƙar tana ƙara rage matsin ƙoli, wurin da dama shi ne mai rauni. Gudun ruwa in ya ninku biyu, gogayya takan ninku kusan huɗu, duk kuma daga ɗan abin da iska ta bayar ake cirewa. Tiyo mai laushi sai ya lotse ya manne. Mahaɗar da ke lallaɓawa ta fara shan iska. In abin ya yi tsanani, ruwan ya fara zama tururi a bakin farfelar injin, kumfar na fashewa a jikin ƙarfe, ka ji injin yana ƙara kamar an zuba masa tsakuwa. Wannan ƙarar cin farfela ce, kuma ƙara wuta ba ya ƙara ruwa, sai dai ya gaggauta kai injin wurin makaniki.

Wurin inji shi ne gindin ruwa, kusa da bakin sha, yana turawa. Tura ba ta da iyakar mita goma. In mahaɗa ta saki za a gani. Kuma doguwar ƙafar saifon ba ta zama banza ba, muddin bututun na cike, ruwan da ke gangarowa yana taya injin ja, ya rage masa kaya. Masu noman fadama sun daɗe da gane wannan ba tare da littafi ba: in ruwan rijiyar ya yi ƙasa a bazara, sai su haƙa rami su sauke injin ciki, ya matso kusa da ruwa. Abu ɗaya da za a kula, injin da aka kashe a tsakiyar layi yakan zama cikas, ruwa na kutsawa ta cikinsa da ƙyar. Sai a yi masa hanyar kewaye mai nata bawul, ranar da tazara ta isa a buɗe ta, injin ya huta.

Akwai wata dabara da ke kama da wauta amma tana aiki. In gangaren yana da tsawo sosai, ruwa kan sauka da gudun da ya fi ƙarfin abin da gajeriyar ƙafa ke iya kawowa, sai ya tsinke a ƙoli, bututun ya yi ta shaƙuwa. Maganin shi ne a ɗan rage bawul na ƙasa. Zubar za ta daidaita, ta daina yankewa. Haka nan a nutsa bakin fita cikin bokiti ko ɗan rami mai ruwa, a ɗaure rariya mai faɗi a bakin sha saboda leda da ganye da guntayen kacala, a ɗaga shi kaɗan daga laka.

Ba ko'ina saifon ke shiga ba. Wanda gonarsa ta fi kogi tudu, ko mai ɗebo ruwa daga burtsatse, dole inji ya yi aikin daga farko har ƙarshe. Kuma saifon kan tashi inda ba a gayyace shi ba. Mai tanki a saman gida, in bututun da ke kawo ruwa ya nutse cikin tankin kuma babu bawul mai hana komawa, da an kashe sumon da ke turo ruwan daga rijiya sai ya juyo cikinta, gari ya waye tanki ya yi ƙasa a ɗora wa yara laifi. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne tiyon da aka jona da famfo aka bar bakinsa cikin duro mai haɗin maganin feshi. In aka ɗauke ruwa, layin na iya zuƙe maganin ya koma da shi bututun da maƙwabta ke sha. A ɗaure bakin tiyon sama da gefen duron, ya zama akwai fili tsakaninsa da ruwan. Masu zuƙo fetur da baki daga tankin mota don injin ban ruwa kuma su nemi ɗan famfon roba da ake matsawa da hannu, domin kurɓi kaɗan in ya bi ta huhu ya isa ya kwantar da mutum a asibiti.