Cututtukan Fata Ga Masu Ƙanjamau Da Ke Allurar Ƙwaya: Asarar Da Ba A Lissafawa

Tun daga shekarar 1986 da aka ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya, likitoci sun lura cewa a fata ne cutar ta fi saurin nuna kanta. Galibin masu ɗauke da ƙwayar cutar sukan yi fama da wani ciwon fata, amma abin ya fi tsanani ga masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi.

Binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya Mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin mutane 80,000 ne ke irin wannan allura a ƙasar nan. Yawancinsu kuwa masu jini a jika ne, wato waɗanda kasuwa da masana'antu ke dogaro da ƙarfinsu.

Ta fuska biyu fatarsu ke cutuwa. Allura marar tsabta tana shigar da ƙwayoyin cuta ƙarƙashin fata, sai maruru su fito, su tara mugunya. Allurar pentazocine, wadda aka yi domin kashe zafin ciwo, idan aka yawaita ta takan sa fata ta sandare, ta bar gyambo mai wuyar warkewa. Raunin garkuwar jiki kuma yakan jawo ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi, da amosanin kai da na fuska, da ƙazuwa mai kauri, da ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, waɗanda ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa. Wasu har sankarar Kaposi takan kama su.

A nan ne asarar kuɗi take farawa. Saboda tsoron tsangwama, majinyaci yakan ƙaurace wa asibiti, ya nufi kantin magani, ya sayi man shafawa mai sinadarin steroid. Man yakan lafar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, amma yana ƙara wa makero ƙarfi. Haka zai yi ta saye wata da watanni, har gyambo ya hana shi fita nema, ko a kwantar da shi a asibiti. Maigidansa ya yi asarar ma'aikaci, iyalinsa kuma su ci jari.

Alhali kuwa hanyar da ta fi araha tana nan. Tun shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya ta mayar da magungunan rage kaifin ƙanjamau kyauta a asibitocinta, kuma da zarar garkuwar jiki ta farfaɗo, da yawa daga cikin cututtukan fatar sukan ja da baya. A shekarar 2020 an fara gwajin raba sirinji mai tsabta a jihohin Abiya da Gombe da Oyo.

Bugu da ƙari, dokar hana nuna bambanci ga masu ƙanjamau ta 2014 ta haramta korar ma'aikaci saboda cutar. Don haka ya kamata mai kamfani ko shago da ya ga ciwon fatar yaronsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya taimaka masa zuwa asibiti cikin sirri. Mai kantin magani kuma, idan mutum ya dawo sau biyu, sau uku da ƙuraje iri ɗaya, gara ya ba shi shawarar gwajin jini da ya sake miƙa masa wani man.