Tsohuwar Algaitar Turawa: Gyaranta da Cinikinta

Ga wata mas'ala ta ciniki zuwa ga malamai da fatake na Ikara da Maƙarfi da Kudan, da sauran ƙasar Zazzau baki ɗaya.

Mutanen waɗannan garuruwa ba baƙin busa ba ne. Duk wanda ya taɓa bin tawagar hakimi zuwa hawan Salla a birnin Zariya ya ji algaita tana kuka a bayan doki, ya kuma ji kakaki a gaban Sarki. Kakaki daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa, domin Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya ƙago, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Amma akwai wata abar busa ta tagulla mai lanƙwasasshen wuya da buɗaɗɗen baki kamar kakaki, wadda ake gani a hannun 'yan badujala. Sunanta saksafon, kuma ba laifi a kira ta algaitar Turawa.

Wanda ya ƙago ta wani maƙeri ne mutumin Beljiyam, sunansa Adolphe Sax, an haife shi a garin Dinant a 1814. A birnin Paris ya sami takardar shaidar ƙirarsa a 1846, sojan Faransa kuwa suka shigar da ita cikin badujalarsu. Duk da haka bai ci moriyarta ba, gama sau uku yana karyewa a kasuwa, ya mutu da talauci a 1894. Tana da girma iri iri, daga cikinsu akwai matsakaiciya mai kaurin murya, wadda ake kira tena. Irinta ce Fela Kuti na Ikko, wanda ya rasu a 1997, ya yi suna da busawa. Bambancinta da algaita shi ne, algaita itace ce da aka lulluɓe da fata, harshenta biyu ne, ramukanta ba su wuce yatsun hannu ba. Saksafon kuwa harshenta guda ne na gora, ramukanta sun haura ashirin, kowane rami da marfinsa, kowane marfi da ɗan matashi na fata a cikinsa.

Hukuncin busa da sauraronta babi ne daban. Malaman Malikiyya sun tsananta a kan kayan wasa, sun yi rangwame ga bandiri a bikin aure, kuma wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malaminsa kafin ya sa kuɗinsa. Abin da ake nufi a nan shi ne darasin da ke cikin cinikin wannan kaya, domin ya shafi kowane tsohon abu da ke bi ta hannun dillali.

To, a ƙaddara wani tsohon soja ya rasu a Maƙarfi, ya bar marayu. Da aka zo rabon gado sai aka jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado, aka buɗe, sai ga saksafon ta yi baƙi, ga kore kore a gaɓoɓinta, ga lotsawa a gindinta, an hura ba ta ce uffan ba. Aka danƙa wa dillali ya sayar. Hanyoyi uku ne a gabansa.

Hanya ta farko ita ce ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe su ɗora a sikeli. Nauyinta bai wuce kilo uku zuwa huɗu ba, watau kuɗin tagullarta ba zai kai marayu ko'ina ba. Alhali kuwa darajarta ba a nauyi take ba, tana ga sunan maƙeranta da shekarar ƙirarta. Sunan yana zane a jikin bakinta, lambar ƙira kuma tana baya, ƙasa da inda babban yatsa yake zama, da wannan lamba ake gane shekara. Akwai ƙirar kamfanin Selmer na Paris mai suna Mark VI, wadda aka fara a 1954 aka yi wajen shekara ashirin ana yi, da ƙirar kamfanin Conn na garin Elkhart a Amurka mai suna 10M. Irin ta Selmer ɗin nan, in tana da lafiya, dubban daloli ake saye a Turai da Amurka. Ba kowace tsohuwa ce mai tsada ba, da yawa ƙirar koyo ce mai araha, amma wanda ya sayar da dukiyar maraya kafin ya karanta sunan da lambar ya yi sakaci da amana.

Hanya ta biyu ita ce wadda zuciyar ɗan kasuwa ta fi karkata gare ta, watau ya sa a goge ta da toka da yashi, ko da injin gugar ƙarfe, a fesa mata ruwan ƙyalli, ta fito wal kamar sabuwa. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Guga tana cin tagulla, tana shafe zanen da maƙeri ya yi da hannu, tana kuma iya cinye bakin ramuka har marfi ya kasa zama daidai. Masana wannan kaya da sun ga zane ya dushe sun san an taɓa ta, nan take su rage kuɗi. A wurinsu wadda ta yi duhu da ruwanta na asali, ko da rabinsa ya zube, ta fi wadda aka sake wa fuska tsada. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Hanya ta uku ita ce ta gyaran gaskiya, wanda yake bin ciki ya bar fuska. Ana kwance marufan duka, a jera su bisa tsari don kada su rikice. A wanke gangar jikin da ruwa mai ɗumi da sabulu, a shanya. Lotsawa daga ciki ake turo ta da sandar ƙarfe mai dunƙulallen kai, ba a dukanta da guduma ta waje. In wata ƙafa ta ɓalle, aikin maƙerin fari ne ya liƙe ta da dalma a ƙaramar wuta, ba aikin mai walda ba ne, gama wutarsa ƙone ta za ta yi. Sa'an nan a cire tsofaffin matasan fata, waɗanda hunturu ya busar ko damina ta ruɓar, a ɗora sababbi da ƙaro, a sake toshiyar wuya, a musanya siraran ƙarafan da ke mayar da marfi in sun yi tsatsa. Daga ƙarshe mai gyara yakan shiga ɗaki mai duhu ya zura fitila a cikinta, ya rufe marufai. Duk inda haske ya ɓullo, nan iska za ta tsere, sai ya ɗumama ƙaron ya daidaita matashin har hasken ya ɓace. Ɗigon haske ɗaya a rami na sama ya isa ya hana muryoyin ƙasa fita. Abin lura kuma, kada a yar da wuyanta na asali ko akwatinta, domin mai saye zai tambaya.

Da gyara ya ƙare sai ciniki, a nan ne kuma shari'a take da magana. Ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin hatsi a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ciki, ya tsawata wa mai shi don bai bar jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Risalar Ibnu Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ta haramta algus da ɓoye aibi, kuma a mazhabar Maliku wanda ya sayi kaya ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa. Saboda haka dillali ya faɗi kome: ga inda ta lotse aka tayar, ga inda aka yi liƙi, ga abin da aka musanya, ga abin da yake na asali. In mai saye yana nesa, a Kano ko Ikko ko ƙetare, a aika masa hoton lambar da hoton tabon tun kafin ya tambaya. A kuma yanke la'ada a gaban magada, a rubuta kuɗin gyara.

Abin mamaki a nan shi ne, abin da shari'a ta wajabta shi ne kuma abin da kasuwar wannan kaya take biya. Mai ɓoye tsufa ya yi hasara biyu, ta kuɗi da ta lada, mai bayyana tabo kuwa ya sami biyun.

Saksafon ba ta da yawa a Ikara da Kudan, amma tsohon kaya yana da yawa: keken ɗinki Singer, da keken hawa Raleigh, da tasoshin tagulla na kakanni, da takubba, da likkafu, da algaitun da masu su suka rasu babu magaji. Kullum ana ɗora irinsu a sikeli, ko a shafe su da fenti a kai kasuwa. Kafin a yi haka, a tsaya a karanta abin da ke rubuce a jiki, a tambayi wanda ya sani, a gyara abin da ya hana aiki, a bar shekaru a inda Allah Ya ajiye su.

Allah Ya ba da ciniki mai albarka, Ya tsare hannu daga dukiyar maraya.