Su Wa Ke Zaune a Gidajen Fina-finan Makirci?

Masu tura fim a waya a kasuwannin Maraɗi sun san kayan da ke tafiya: labarin kishiyar da ta barbaɗa wani abu a tuwon maigida, ko 'yan uban da ke neman ran juna a kan gado. Kusan duk daga Kano suke zuwa, kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So sun ƙara wa kasuwar zafi tun 2020.

To amma a dubi gidan da ake ƙulla makircin. Galibi na attajiri ne, ga bene ga motoci, kowa na zuba Kananci. Wanda harshensa ya karkata zuwa Gobiranci, sau da yawa maigadi ne, ko baƙauyen da aka kawo don a yi dariya. Manomin zogale na Jiratawa shi ma yana da mata biyu da rigimar gona, amma ba a ga gidansa ya isa a gina labari a kansa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake nuna 'yar bori. Kullum tana cikin ɗaki mai duhu, an lulluɓe bango da jan ƙyalle, tana ƙyalƙyata dariya tana miƙa wa kishiya ƙullin guba. A Tibirin Gobir kuwa, Inna sarauta ce, mace daga gidan sarki, wadda 'yan bori ke ƙarƙashinta kuma mata ke kai mata kukansu. Maraɗi ma tana da Iya, mai irin wannan matsayi. Mutum na iya ƙin bori saboda addininsa, kuma malamanmu da yawa sun ƙi shi. Duk da haka, yarinyar Tibiri da ta girma da waɗannan fina-finai za ta ɗauka cewa wani sashe na tarihin garinsu kisan kai ne kawai.

Nijar ta taɓa ba da irin wannan labari da bakinta. A fim ɗin Oumarou Ganda, Le Wazzou polygame, wani alhaji ya auri budurwar da aka yi wa wani alkawarinta, kishi ya sa matarsa ta tashi kashe amarya, ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Da Zabarmanci aka yi shi, da mutanen ƙasar da suturarsu, kuma shi ya fara lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972.

Ba a rasa 'yan Nijar a Kannywood ba. Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, ta rera waƙoƙin fina-finai masu yawa, Rakiya Musa kuma ta yi suna a fitowa a fim. Sai dai rubuta labarin da raba wa kowa matsayinsa har yanzu galibi a Kano ake yi, a hannun marubutan da yawancinsu ba su taɓa kwana a Tibiri ba.